Tafin Hannun da Ka Tsallake

Rawayau, ƙasar Kurfi.

Zuwa ga angona, Baba Ƙarami, mai gudun tsohuwar mata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan, in ban da gwiwoyina da suka yi mani yaji tun kaka, har yau ba su dawo ba. Ka gaida Baffanka Sani da mutanen gidanshi da yara duka. Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka hau, Ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin da ba ya salla, Ya kai ka Zariya lafiya, Ya sa ka samu abin da ka je nema.

Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Da hannuna na yi shi, kaɗan yau kaɗan gobe, da bokon da aka koya mana a ajin manya gindin tsamiya. In ka ga baƙi ya kwanta, gajiya ya yi irin ta mai shi. Na zaɓi takarda ne don na san kaina. In kana zaune gabana, da na buɗe baki wasa ke fitowa, sai mu yi ta dariya har ka tashi, maganar tana nan cikina.

An ce mani bayan kasuwar Dutsin-Ma ta sama za ka hau mota zuwa makarantar masu zane. To, madalla. Ka auri fensir ka bar ni babu ko sallama. Ba komai, na saba, mai sunanka ma haka ya tafi ya bar ni.

Ga abin da ya sa na wahalar da idona. Ka tuna takardar nan babba da ka zana bangon ɗakina a kai, wadda ka ce ita ka nuna aka ɗauke ka? Da ka kawo mani na duba, na ce ta yi kyau, kuma ta yi. Amma ka tsallake abu ɗaya, ramin nan na ƙasa, bayan randa. Na gani tun ranar, na haɗiye. Yanzu Baffanka ya ce bayan Salla zai kwashe ni zuwa Dutsin-Ma, ɗakin siminti da kwano, kusa da asibiti. Na yi gardama har na gaji. Ya ce ba za a sake baibaye ɗakin nan ba, ɓarnar ciyawa ce. Kai ka san bangon ƙasa da babu jinka a kanshi, ruwan fari zai jiƙa shi, kafin marka ya zama tudu, awaki su hau. Takardarka ce kaɗai za ta rage, ita kuwa babu ramin. Ina so ka zo kafin ka tafi ka sa shi. Zan gaya maka dalili, amma ka yi haƙuri, tsohuwa ba ta bin hanya miƙe, sai ta tsaya ƙofar kowa.

Kai ka ɗauka ado ne kawai a bangon. Ka ce mani Baturen da ya duba ya yi ta gyaɗa kai, yana tambaya ko zanen yana da ma'ana, ka ce mashi a'a, kwalliyar tsofaffi ce. Allah Ya shirye ka. Mutane ne, angona. Duk ɗan da na haifa, in ya fara nuna halinshi, sai in jira yaɓen shekara, ƙasa tana ɗanye, in sa yatsa in yi mashi alama. Ban zana mai rai ba, don kakanka malami ne, ba zai bari ba. Mudun nan da ke sama Baffanka Sani ne. Tun yana rarrafe yake tara tsakuwa a ƙwarya, in ka taɓa ya yi ihu, ga shi yau yana awon hatsi a kasuwa. Zobba biyu da suka sarƙe tagwayena ne, Hasana da Usaina, ƙyanda ta ɗauke su sati guda. Sawun kaza Gambo ne, wanda bai bar kaza ta sha ruwa a gidan nan ba, shi ma bai kai kaciya ba. Tasbaha kakanka ne. Ludayin nan babba da ka ce ya fi komai kyau, har ka ƙara mashi inuwa, kai ne, don ban taɓa ganin yaro mai kwaɗayin fura irinka ba.

Me ya kai ni zane? Ai mace bakinta a ɗaure yake wajen suna. Ba ta faɗin na miji, ba ta faɗin na surukai, ba ta faɗin na ɗan fari. Ni kuwa aka zo aka sa maka sunan kakanka, aka ƙara mani ɗauri. Wata rana a kasuwar Kurfi, ina yarinyar matar aure, wani mai jaki da ke da suna irin na kakanka ya yar da jakarshi bai sani ba. Na san shi, na san sunan, amma ina zan kai shi? Na bi shi da gudu, goyo a baya, ina cewa, "Kai! Mai suna! Mai sunan!" Rabin kasuwa suka waiwayo, don kowa mai suna ne, shi kaɗai bai waiwayo ba. Sai da na cim mashi bakin marina na ja wutsiyar jakin. Abin da baki ya kasa ɗauka, sai na ba yatsa. Ka ga ashe sana'ar da Baffanka ke cewa ta marasa aikin yi ce, a ɗakina ka tsince ta.

Tunda za ka je a ƙara wa hannunka kaifi, bari in ba ka labarin Kan Tulu. Ina amarya a garin nan, bakina ya fi aska. Muna bakin rijiya sai ga ɗan maƙwabta, sunanshi Isiyaku, yaro mai babban kai, yana tafe yana rangaji. Na ce, "Wa ya aiko tulu rijiya babu mai ɗauka?" Mata suka kwashe da dariya, har wata ta saki guga. Na ji daɗi ranar, na koma gida ina jin ni ce gwanar gari. Kafin sati kowa Kan Tulu yake ce mashi. Ya girma ya zama mai baibaya, mutum mai haƙuri, shi ya yi ta rufa mani ɗakin nan shekara da shekaru, yana bisa jinka ina ƙasa ina miƙa mashi ruwa, bai taɓa ɗaga mani maganar ba. Ranar da ya rasu, mai shela ya bi gari yana cewa Malam Isiyaku ya riga mu gidan gaskiya. Mutane suna zaune suna tambayar juna, "Wane Isiyaku?" Sai da wani ya ce, "Kan Tulu fa," sannan aka tashi ana salati. Ɗiyarshi tana tsaye ta ji. Ta dube ni. Limami ya raɗa mashi suna da rago, ni na sauya shi da dariya ɗaya, kuma nawa ne ya bi shi har kushewa. 'Ya'yanshi yau 'ya'yan Kan Tulu ake ce masu.

Na ga zanen da ka yi wa ladanin unguwarku, da wuya kamar na zalɓe. Na yi dariya har na ƙware, shi ya sa na san mugun abu ne. Jinina ne a hannunka. Ni bakina kaɗai gare ni, iska na kwashe rabin abin da na faɗa. Kai naka a takarda yake, zai daɗe bayan kai da shi duka. In za ka zana mutum, ka zana shi yadda ɗiyarshi za ta iya kallo. In dariyar ta matsa maka, ka zana ka kawo mani, mu yi abinmu mu sa a murhu.

Sai Gwaggonka Ayashe. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake kiranta haka, alhali Hauwa aka raɗa mata? Bayan tagwaye da Gambo sun tafi a jere, mata suka fara cewa wabi nake yi, ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Da na haife ta, tsofaffi suka ɗauke ta suka kai bakin juji, suka ajiye ta ɗan lokaci kamar abin da ba a so, sannan suka ɗauko, suka ce sunanta Ayashe, wai ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Kakanka ya yi faɗa, ya ce wannan ba addini ba ne. Aka ce to, aka ci gaba da kiranta. Ni kuwa tsoro ya hana ni yi mata alama. Na ce duk wanda na sa a bangon nan tafiya yake yi, bari in ɓoye wannan. Shekara ta zo ta wuce, ina yaɓe ina tsallake ta.

Tana 'yar budurwa, muna tsince wake a ɗaki, sai ta ɗaga kai ta ce, "Iya, wancan Yaya Sani ne, waɗancan tagwaye ne. Ni ina nawa?"

Na ce, "Ke da kike nan kina cinye mani tuwo, me za ki yi da bango?"

Ta ce, "Yaya Sani ma ai yana cin tuwo."

Na ce, "Tsince wakenki, mai bakin tsiya."

Ta ce, "To sai na mutu ke nan za ki sa ni."

Na yi dariya, don ita ce sandata, duk inda aka matsa ni ita nake dogarawa. Sai satin bikinta na yi mata dutsen niƙa a bangon, don inda aka ajiye ta nan ta zauna, ba ta tafi ba. Na kira ta ta gani. Ta leƙo da lalle a hannu ta ce, "Yanzu kuma, Iya? Ai na girma." Ta fita. Yau ita ke yi mani wanki, ita ke shafa mani man zafi a gwiwa, amma in ta shigo ɗakin nan ba ta kallon wannan gefen.

Kada ka jira mutum ya mutu kafin ka ga ya isa a zana shi. Can inda za ka, na ji an ce manyan mutane ake zanawa, da waɗanda suka shuɗe, a rataye a ofis. Ka yi masu, abincinka ne. Amma wanda ke ɗebo maka ruwa yau, ka dube shi yau. In ka samu hutu ka zaunar da Gwaggonka ka zana ta, ka rubuta Hauwa a ƙasa. Za ta zage ka, ta ce ba ta da lokacin shirme. Ka bar ta ta yi zagin tana zaune.

Na kewaya na kewaya, ga ni dai bakin ramin. Na ajiye takardar nan kwana biyu kafin in iya ci gaba.

Kana ƙarami ka taɓa tura hannu bayan randa ka ce, "Iya, wannan ramin na mene ne?" Na ce maka ɗan aljani ne ya zo satar ƙuli-ƙuli, na kama shi, ya dafa bango zai gudu. Ka yi wata guda ba ka yarda ka sha ruwa a ɗakina ba. Da ka zo zane ka sake tambaya, na ce ɓarnar gara ce. Don haka ban ga laifinka ba da ka tsallake. Ni na ce maka ba komai ba ne.

Tafin hannun ubanka ne.

Shi ne ɗana na fari. Kai ba ka san shi ba, kana goye ya rasu. Ka san yadda ake yi da ɗan fari. Ba a ɗaukarshi gaban mutane, ba a yi mashi wasa, ba a kiran sunanshi. In ya faɗi ya fasa baki, sai ki kau da kai ki ce, "Wani ya ɗauke yaron nan." Da aka yaye shi, uwar mijina ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, ƙofa tana kallon ƙofa. Ina jin kukanshi, ina jin dariyarshi, ina tankaɗe kamar ban ji ba. Mata suna yabona, suna cewa Dije akwai kunya, ko kallon ɗanta ba ta yi. Ni kuwa ina jin daɗin yabon, kada in yi maka ƙarya.

Wata rana da hantsi, yana ɗan shekara uku, duk gidan sun tafi bikin suna a maƙwabta, ni na tsaya yaɓe don ƙasata ta riga ta jiƙa. Ina durƙushe ina shafa, sai na ji numfashi a bayana. Ya sulale daga wurin sunan ya dawo shi kaɗai, tsirara, da guntun waina a hannu ɗaya. Ya dube ni, ya dubi bango, ya ɗaga ɗaya hannun ya manna a ɗanyar ƙasa, ya cire, ya tsaya yana kallon abin da ya yi. Na leƙa tsakar gida. Babu kowa sai kaji. Na ɗauke shi. Na sa hancina a kanshi, yana warin rana da man gyaɗa. Ya shafa mani laka a kumatu, ya tura mani wainar a baki, yana ƙyalƙyala dariya. Ban san iya lokacin da muka yi ba. Sai na ji takun uwar mijina a zaure. Na dire shi kamar garwashi, na ɗaga murya na ce, "Wa ya bar yaron nan ya zo ya ɓata mani aiki?"

Ta shigo ta kama hannunshi, ta dubi bangon ta ce, "Shafe shi mana tun bai bushe ba."

Na ce, "To, Inna, gobe."

Ta dubi lakar da ke kumatuna, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ki wanke fuskarki kafin mutane su dawo." Allah Ya jiƙan tsohuwar nan, ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Goben nan yau shekara arba'in da wani abu. Na jawo randa na tare wurin. Duk shekara in na zo yaɓe sai in kewaye shi, ƙasa tana hawa kan ƙasa a gefe, shi yana nan inda yake, shi ya sa ya zama rami. In ka sa fitila ka leƙa za ka ga yatsu biyar, ƙaramin ya ɗan karkace, don haka nashi yake, haka naka ma yake. Daga ranar ban sake ɗaukarshi ba. Ya girma, ya yi karatun allo, ya yi noma, ya auri uwarka, ni dai "yaron nan" nake cewa, in yana kusa in ce "kai".

Shekarar sanƙarau, da bazara, ya kwanta. Ciwon bai ba mu lokaci ba. Ranar da abin ya yi tsanani, da azahar, uwarka ta zo ta same ni ina dama kunun da ba zai sha ba. Ta ce, "Iya, yana nemanki." Na tashi na je. Ɗakin cike da maza, kakanka, da limami, da surukai. Na tsaya bakin ƙofa, na ja mayafi. Na ce, "Yaya mai jikin?" kamar wadda ta zo dubiya daga wata unguwa.

Wuyanshi ya sanƙare, ba ya iya juyowa. Ya ce, "Iya ce?"

Aka ce mashi ita ce.

Ya ce, "Iya, kira ni in ji."

Babu wanda zai ce mani komai ranar, na sani yanzu, na ma sani a lokacin. Limami da kanshi ya sunkuyar da kai don ya ba ni wuri. Sunan ya taso mani har maƙogwaro. Na ga idon mutane, na tuna ni ce Dije mai kunya. Na ce, "Sannu, kai."

Ya yi 'yar dariya, irin tawa, ya ce, "Har yau kai?"

Kafin la'asar ya cika.

Ba ina ce maka kunya banza ce ba. Ita ta riƙe gidajenmu, ita ta sa yaro ya san babba, kuma in ka je birni ka yar da ita zan ji labari, in zo da muciya. Amma kamar zanen mace ce, angona, ana ɗaurawa ana kwancewa. Ni na ɗaura tawa na ƙulle, ranar da ya kamata in kwance na tarar ƙullin ya fi ƙarfin yatsuna. In wanda kake ƙauna ya roƙe ka abu ƙarami da bakinshi, ka ba shi a lokacin, ko duk garin na kallo. Masu kallon nan duk sun manta, rabinsu ma sun mutu. Ni kaɗai na rage da abin.

Wannan ya kawo ni kan uwarka. Ayashe ta gaya mani ka ce ba za ka je Shema sallama ba, wai tunda ta sake aure can ba ta damu da kai ba, in ka je ko kallonka ba ta yi, sai ta ce a ba yaron nan ruwa ta shige ɗaki. Kai wawa ne, mijina, amma ba laifinka ba ne, gado ka yi. Kai ne ɗanta na fari, kuma sunan surukinta gare ka, ɗauri biyu ke bakinta. Wa kake tsammani ke aiko da dakkuwar da Ayashe ke kai maka makaranta tana cewa ita ta yi? Ayashe ko ƙuli ba ta iya murzawa. Ka je. Kada ka tsaya jiran ta dube ka. Ka zauna, ka sha ruwan, ka bar idonka ya yi yawo a ɗakin, tunda an ce idon mai zane gare ka. Ban san inda ta ɓoye nata ba, ko ƙasan akwati, ko cikin jere, ko wata tsohuwar hularka ta yaye. Amma akwai shi. In ka gani kada ka ce komai, kada ka kunyata ta. Ka dai ce mata, "Na tafi, ki yi mani addu'a," ka ɗan jima kafin ka tashi.

Sauran gargaɗin kai ma ka san su. Ka riƙe salla. Kada ka ci abin da ba ka san mai dafa shi ba. In malamai suka ce maka zanen mai rai akwai magana, kada ka yi masu tsiwa, ka tambayi wanda ya fi ka sani. In 'yan birni sun sa maka wani suna na gayu, ka amsa in kana so, amma a ƙasan aikinka ka sa wanda aka yanka rago a kanshi, na mutumin kirki ne, ko da yake ya yi ta minshari. In ka ga wata mai jan baki ta fi ni, ka kawo ta in duba haƙoranta.

Yanzu ga roƙona, kuma ban saba roƙo ba. Ka ari keken Baffanka ka zo kafin ranar motarka. Ka zo da takardar nan da fensirinka. Zan sa a kawar da randa, rabon da a matsa da ita tun rasuwar ubanka. Ka zo da hantsi, lokacin rana na shigowa ta ƙofa tana faɗa wa wurin. Ka zana shi daidai girmanshi, kada ka gyara ɗan yatsan, kada ka yi mashi ado. Na san zai ɓata maka tsarin takarda, yana can ƙasa shi kaɗai a karkace. Haka ya ɓata mani yaɓe, na bar shi. In Bature ya sake tambaya ko yana da ma'ana, ka ce mashi wannan mudu ne, wannan ludayi ne, ka faɗa mashi sunan kowa. In ya zo kan hannun, ka ce na ubanka ne.

Na so in ce a sare wurin a tafi da shi Dutsin-Ma. Na tambayi magini, ya ce tsohuwar ƙasa ce, da an sa mata gatari za ta zube gari. To, na haƙura. Na gaji, angona. Na gaji da yaɓe, na gaji da tare wurin da randa, na gaji da ba yara labarin aljani. Bangon ya riƙe mani abin nan iya ƙarfinshi, yanzu kai za ka karɓa.

Abu na ƙarshe. A ajin manya, da muka iya haɗa baƙaƙe, malama ta ce kowace ta rubuta sunan wani nata a allo. Mata suka yi ta rubuta na 'yan autansu. Ni na ce kaina ke ciwo. Da na dawo gida na zauna bayan ɗaki na rubuta a ƙasa da tsinke, na goge da ƙafa kafin wani ya zo. Na yi haka ya fi a ƙirga. Ban san hukuncin rubutu a wajen kunya ba, tsofaffin da za su gaya mani ba su san boko ba, kuma sun tafi. Ka san sunan, duk Rawayau sun sani, ba wani asiri ba ne. Amma daga wajena bai taɓa fita ba. Zan sa shi a ƙasan takardar nan. In ka gama zanen, ka kwafe shi ƙarƙashin hannun, da irin rubutuna, karkatacce yadda yake, kada ka miƙe shi. Sannan ka karanta da ƙarfi a cikin ɗakin, ina zaune. In na ce maka hayaƙi ne ya shiga mani ido, ka yarda.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa hannunka ya zama na alheri, Ya haɗa ka da mutanen kirki a baƙon wuri. Allah Ya jiƙan waɗanda ke bangon nan da suka riga mu, Ya raya waɗanda suka rage. In ka iske ni a Dutsin-Ma hutu mai zuwa, ka zo mani da goro mai taushi. In ba ka iske ni ba, ka yafe mani aljanin.

Ni ce matarka ta fari, wadda ba ta da saki,
Iya Dije.

Haruna. Ɗana Haruna.